Tayoyin da Ɗayyabu Ya Ƙi Ɗaurawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba. Ana ce masa Ɗayyabu, sana'arsa faci da ɗaurin taya. Kada wani ya ce yau Malam zai kawo mana labarin zamanin raƙuma da takubba. A'a, wannan na zamanin mota ne, wasunku da ke zaune nan sun girme shi. Ku gyara zama, ku saurara. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Ɗayyabu ba malami ba ne. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Ba shi da shago, rumfar kwano ce da shi a ƙarshen layin 'yan taya, kusa da ƙofar tasha. Kayan aikinsa injin ba da iska ne, da jak biyu, da ƙarafunan ɓanɓare taya, da wani tsohon baho na ruwa da yake tsoma taya a ciki don ya ga inda take yoyon iska. Shekara goma sha tara yana wurin. Da wannan rumfa yake ciyar da matarsa Hassu da 'ya'ya biyar. Kuma filin da rumfar take ba nasa ba ne. Ƙungiyar 'yan taya ce ke ba da wuri, shugaban ƙungiya kuma shi ke cewa wane ya zauna, wane ya tashi.

Shugaban nan sunansa Alhaji Mamuda. Babban dillalin taya ne, shagunansa uku a layin. Idan ya ratso, masu faci miƙewa suke yi.

Akwai kuma wani attajiri mai fataucin hatsi, Alhaji Lawandi, wanda ke auren yayar Alhaji Mamuda, Hajiya Uwani. Alhaji Lawandi yana da wata babbar mota irin wadda direbobi ke kira fowil. Ga waɗanda ba su san mota ba: yawancin motoci ƙafa biyu ke ja, biyu na bi. Ita wannan duk ƙafafun huɗu ke ja lokaci guda, shi ya sa take shiga taɓo ta fita, ta hau dutse ta sauka. Tun da aka sayo ta, da tayoyin da kamfani ya ɗaura mata take yawo, shekara huɗu ba a canza ko ɗaya ba.

Wata ranar Laraba, cikin tsakiyar damina, direban motar, wani dattijo mai suna Hashimu, ya kawo ta rumfar Ɗayyabu. Wani ƙarfe a hanya ya yage tayar gaba ta gefe, yagar da faci ba ya riƙewa.

Hashimu ya ce, "Malam Ɗayyabu, a nemo mana sabuwa guda ɗaya a ɗaura, sauran ukun ai da sauransu."

Ɗayyabu ya durƙusa, ya shafa ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malam Hashimu, da wata mota ce, da na ce to. Amma wannan duk ƙafafunta ke ja. Ukun nan sun ci fiye da rabi. In ka sa sabuwa guda a cikinsu, ta fi su tsawo, ita tana juyi ɗaya, su suna juyi da ɗoriya. Giyar motar ce za ta yi ta kokawa tana daidaita su, har ta gaji ta ci kanta. Ka gaya wa Alhaji huɗu zai saya, iri ɗaya, lamba ɗaya."

"Sai irin na kamfanin da ta zo da su?"

"Ba dole sai sunan ya zama ɗaya ba. Zo ka gani." Ya buɗe ƙofar direba, ya nuna masa wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofa. "Wannan lambar ita ce girman da aka ƙera motar da shi. A samo huɗu masu wannan lamba, sababbi, waɗanda ba su kwana shekaru a sito ba. Shi ke nan."

Hashimu ya sa safaya, wato tayar ajiya, ya tafi ya isar da saƙo.

To ku saurara. Washegari Alhamis da sassafe aka bugo wa gidan Alhaji Lawandi waya daga ƙauyensu, can kan duwatsu. Ƙanwar mahaifiyarsa ce jiki ya yi tsanani, tana ta kiran sunan yayarta. Ita mahaifiyar tasa, wadda kowa ke kira Iya, tsohuwa ce ƙwarai, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ta ce ko a kan tabarma ne a ɗauke ta a kai ta. Tafiyar awa biyar ce, awa biyun ƙarshe hawan dutse ne mai lanƙwasa, rami a gefe guda. Kuma a wannan wata, da wuya la'asar ta yi ruwa bai sauka a kan duwatsun ba.

Alhaji Mamuda ya ji labari. Ya ce da mijin yayarsa, "Yaya, kana da ni a garin nan ka je neman taya? Huɗu na ba ka, kyauta." Ya sa aka ɗauko su daga shagonsa, ya biyo su da kansa har rumfar Ɗayyabu, don jama'a su ga kyautar da ya yi.

Wajen ƙarfe goma na safe motar ta tsaya. Iya na kujerar baya an tokare ta da matasai, Hajiya Uwani na gefenta, jikoki biyu a can baya tare da kaya. Alhaji Lawandi ya fito yana duba agogo.

"Ɗayyabu, ga huɗun da ka ce. Minti nawa?"

"Arba'in, ranka ya daɗe."

"Ka yi shi a talatin."

Ɗayyabu ya sa jak, ya kwance ƙafar farko. Ya mirgino ɗaya daga tayoyin kyauta. Baƙa wuluk, sai sheƙi take. Da ya ɗaga hannunsa sai ya ga tafinsa ya yi baƙi da maiƙo. Jama'a, sabuwar taya ba ta shafa wa mutum baƙin mai a hannu. Ya sa yatsa cikin zanen tayar, ya bi shi a hankali. Zanen kamfani santsi ne da shi, zurfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan kuwa, nan zurfi, can tudu, bakinsa da kaushi. Ɗayyabu ya san wannan aiki. Taya ce da ta suɗe, aka sa wuƙa mai zafi aka sassaƙa mata sabon zane, aka shafe ta da mai.

Ya juya ta, ya nemi lambar shekara. Duk taya tana da lamba huɗu a gefenta, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Ya sami wurin an goge shi da dutsen wasa, an buga wata lambar a kai. Ya duba ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ta huɗu ma girmanta bai zo ɗaya da na sauran ba.

Ku saurara ku ji abin da bawan Allah nan ya fara yi. Bai ɗaga murya ba. Bai ce jama'a ku zo ku gani ba. Ya miƙe, ya goge hannu, ya matsa kusa da Alhaji Mamuda, ya ce, "Shugaba, don Allah in ɗan gan ka a bayan rumfa."

Suka zaga. Ɗayyabu ya rage murya. "Ranka ya daɗe, tayoyin nan sassaƙe ne. Wataƙila yaran shago ne suka ɗauko ba ka duba ba. Ka ce an yi kuskuren lamba, a mayar da su, a kawo wasu. Wallahi ba mai jin komai daga bakina."

Alhaji Mamuda ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ni za ka koya wa taya?"

"Ba koya maka nake ba, Shugaba. Dutse za su hau, ga ruwa. Hajiya yayarka ce."

"Ɗari nawa na sayar irinsu? Wa ya dawo ya ce ta fashe masa?"

"Wanda ta fashe masa a kan gudu ba lallai ya dawo ba, ranka ya daɗe."

Fuskar Alhaji Mamuda ta canza. Ku fahimta, mutumin nan ba nufinsa ya kashe yayarsa ba. Ya daɗe yana gaya wa kansa cewa tayoyin nan lafiyarsu ƙalau, har ya yarda da maganar kansa. Kuma ya san in ya janye waɗannan huɗun, ya amsa ke nan cewa abin da ke cike da shagunansa uku haka yake. Ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Ɗayyabu. Ya ce, "Shekara goma sha tara kana ƙarƙashin kwanon nan. Wa ya bar ka? Je ka ɗaura tayoyi ka rufe bakinka. In ba haka ba, Asabar ba za ta same ka a layin nan ba."

Ya juya ya koma wurin mota yana murmushi.

Ɗayyabu ya tsaya shi kaɗai a bayan rumfa. Ya tuna Hassu. Ya tuna bakuna biyar da ke jiran abin da zai shigo da shi da yamma. Zuciyarsa ta ce masa: kai ka sayar? Ba kai ka sayar ba. Kai ka sassaƙa? Ba kai ka sassaƙa ba. An ce ka ɗaura, ka ɗaura. Wataƙila ma su kai lafiya. Jama'a, wa ya taɓa jin irin wannan murya a ƙirjinsa? Kada ku ɗaga hannu. Ni na taɓa ji.

Ya dawo. Ya durƙusa. Ya ɗauki ƙarfe ya soma cire tsohuwar tayar daga kan wili, ƙarfen da take zaune a kai. Alhaji Mamuda na tsaye a kansa.

Sai gilashin baya ya sauka. Iya ta leƙo da ƙyar, ta ce, "Ɗan nan, sannu da aiki. Yi mana da hanzari, ƙanwata na jirana. Na ba ka amanar ƙafafun motar nan, Allah ya yi maka albarka."

Ɗayyabu ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar. Ya dubi ƙarfen da ke hannunsa. Sai ya ajiye shi a ƙasa.

Ya miƙe ya ce, "Alhaji, ina son magana da kai a gefe."

Alhaji Lawandi ya ce, "Wane gefe kuma? Faɗi a nan, ba ni da lokaci."

"Ranka ya daɗe, gara a gefe."

"Na ce ka faɗa a nan!"

Ɗayyabu ya ce, "Ba zan ɗaura tayoyin nan ba, Alhaji. Tsofaffi ne aka yi musu sabon zane. Ba za su ɗauki motar nan da mutum shida a kan dutse cikin ruwa ba."

Mai shayin da ke gefe ya tsaya da ludayi a hannu. Alhaji Mamuda ya fashe da dariya mai ƙarfi, ya ce, "Yaya, ka ji ko? Nasa yake so ya sayar maka. Haka suke yi, su kushe kayan mutum don su tura nasu."

Ɗayyabu ya ce, "Ba ni da wannan lambar, ko guda. Ku shiga rumfar ku duba."

Alhaji Lawandi ya harzuƙa. "Kai Ɗayyabu, ka san abin da kake faɗa? Surukina ne. Yayarsa na cikin motar nan. Zai ba ta abin da zai kashe ta? Hankali zai ɗauka?"

"Ban ce ya yi niyya ba, ranka ya daɗe. Abin da hannuna ya taɓa nake faɗa."

Mutane suka fara taruwa, masu faci, 'yan kamasho, direbobin tasha. Da yawansu sun san gaskiyar maganar, amma kowa ya sunkuyar da kai, don kowa da rumfarsa a layin. Alhaji Mamuda ya daka tsawa, "Sauke musu motar! A tura ta rumfar gaba, minti ashirin an gama."

A nan ne, jama'a, Ɗayyabu ya gane cewa ƙin ɗaurawa kaɗai bai isa ba. In ya ce ba ruwansa, ya tsame hannunsa, maƙwabcinsa zai ɗaura, motar za ta tafi da tayoyin nan dai. Shi ya kuɓuta, su fa? Sai ya je ya tsaya a gaban jak ɗin. Ya ce, "Ba zan sauke ba sai Alhaji ya gani da idonsa."

Hashimu direba ya kama hannunsa. "Malam Ɗayyabu, ka rufa wa kanka asiri."

Ya zame hannunsa. Ya ɗauko wuƙar da yake yankan faci da ita. Ya ce, "Alhaji, ka ba ni izini in tsaga guda ɗaya. Tayar kirki akwai roba mai kauri tsakanin gindin zane da wayar ƙarfen da ke ciki. In na tsaga aka ga kaurin nan, ga rumfa, ga inji, ga jak, duk na bar wa Shugaba, in fita da rigar da ke jikina."

Kada ku ɗauka ya faɗi haka ne don ya tabbata ɗari bisa ɗari. Yatsa ya gaya masa sassaƙe ne, amma yatsa ba ya ganin cikin roba. Wata tayar akan sassaƙa ta a bar mata ɗan kauri. In ya faɗa kan irin wannan, ya rasa komai, kuma ya zama maƙaryaci a gaban tasha guda.

Alhaji Mamuda ya ce, "Kada ka kuskura ka taɓa min kaya."

Alhaji Lawandi ya dubi surukinsa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce a hankali, "Ai ka ba ni su, Mamuda. Nawa ne yanzu. Tsaga, Ɗayyabu."

Ɗayyabu ya ce bismillahi, ya sa bakin wuƙa a gindin zane. Bai ko danna da ƙarfi ba, sai aka ji ƙarar ƙarfe ya gogi ƙarfe. Ya ɓanɓaro 'yar fatar roba da ba ta fi kaurin farce ba. Ga waya nan a fili, ta yi ja da tsatsa. Ya taka gefen tayar da ƙafa ya lanƙwasa ta, sai ga tsage-tsage sun buɗe baki a ƙarƙashin man da aka shafa, kamar bayan tsohuwar tukunya.

A cikin mota Hajiya Uwani ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Alhaji Mamuda ya ce yaran shago ne, zai yi maganinsu, ya faɗi haka sau biyu, ba wanda ya amsa masa. Ya ratsa mutane ya tafi.

Kuna tsammanin Alhaji Lawandi ya rungume Ɗayyabu? Bai rungume shi ba. An kunyata gidansa a bainar jama'a, kuma zafin ya rasa inda zai sauka sai kan talaka. Ya ce, "Da ka ja ni gefe ka gaya min, da me zai ragu a jikinka?" Ɗayyabu bai ce ai na nema sau biyu ba. Bai kuma ce ya riga ya ja Shugaba bayan rumfa ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Ana cikin haka wayar Hajiya Uwani ta yi ƙara. Daga ƙauye ne. Mara lafiya ta daina karɓar ruwa, tana tambaya ko sun taso. Iya ta soma kuka mara sauti. Gabas kuma ta fara haɗa hadari.

Alhaji Lawandi ya nuna Ɗayyabu da yatsa. "Sha ɗaya ta wuce. In ta cika kafin mu isa, ka sani kai ka hana uwata ganin 'yar'uwarta. Mayar min da tsofaffin da safaya, mu tafi a haka."

"Safayar ƙarama ce, Alhaji, ta lallaɓawa zuwa wurin mai faci ce, ba ta hawan dutse ba. Ka ba ni awa ɗaya da rabi. Akwai shago a ƙetaren gada, suna da wannan lambar. Ba ni da ko sisi a cinikin. Malam Hashimu ya riƙe kuɗin, ni ido kawai zan kai."

Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya juya baya. Hashimu ya ce, "Mu je."

Suka tari a-daidaita-sahu. A bakin gada suka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Ɗayyabu ya sauka ya ƙetare da gudu, dattijo Hashimu na haki a bayansa. A shagon, mai kaya ya fito da huɗu. Hashimu ya ce a ɗauka kawai, lokaci na tafiya. Ɗayyabu ya ce a'a. Ya durƙusa ya karanta girman kowace, ya karanta lambar shekarar kowace. Uku na bana ne, ɗaya ta shekara biyar a sito. Ya ce a canza ta. Mai shago ya yi tsaki, ya shiga ciki, ya daɗe, wayar Hashimu na ta ƙara a aljihu yana tsoron ɗauka. Daga ƙarshe aka fito da 'yar'uwar ukun.

Ana kiran azahar suka dawo. Ɗayyabu ya ɗaura huɗun nan shi kaɗai, ba wanda ya matso ya kama masa a duk layin. Gumi na shiga masa ido. Ya ba kowace iska daidai da abin da takardar jikin ƙofa ta ce, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya ya sake ɗaure su. Ya ce da Hashimu, "In ruwa ya same ku a dutse, kada ka biye wa kowa. Tafi a hankali." Alhaji ya shiga mota bai dube shi ba. Suka tashi, iska ta fara kaɗa ledoji a tasha.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce wani ya ɗauki tayoyin can ya faɗa rami, kowa ya ga gaskiyar Ɗayyabu. Ko in ce Alhaji ya dawo ya gina masa shago. Ba haka aka yi ba, kuma ba zan ƙara wa labari abin da babu ba.

Abin da ya faru shi ne, ruwa ya same su a kan dutse, suka hau a hankali, suka isa. Ba abin da ya same su. Har wasu a layin suka riƙa cewa, ai da na Shugaba aka sa ma da sun isa. Allah kaɗai ya san wannan.

Ranar Asabar aka zo da takardar ƙungiya, aka ce wurin Ɗayyabu ana bukatarsa. Ya kwance kwanonsa da hannunsa, ya loda inji da baho a amalanke. Da ya isa gida, Hassu ta ga kayan, ta zauna a bakin murhu. Ta ce, "Malam, da ka ƙi ɗaurawa ka yi shiru, ai ka fita haƙƙinsu. Sai da ka tsaga? Yanzu me ka samu?"

Ya ce, "Ban samu komai ba, Hassu."

"To me yaran nan za su ci?"

"Wanda ya ba mu jiya yana nan." Sannan ya ce, "Abin da ke damuna, guda ɗaya na tsaga. Ukun sun koma shago. Ban san motar wa za su shiga ba."

Ta dube shi, ta ga da gaske abin da ke cin sa ke nan. Ta tashi ta zuba masa ruwan wanka.

Ya koma bakin gari, gindin wata bishiyar maina, inda mota ba ta cika tsayawa ba. Watannin farko sun yi wuya ƙwarai, akwai ranakun da sau ɗaya aka ɗora tukunya. Alhaji Lawandi bai sake kawo masa mota ba, don a zauna lafiya da dangin matarsa. Sannu a hankali wasu direbobin da suka ga abin da ya faru suka riƙa zagayowa su kawo masa taya ya duba kafin su saya. Bai yi arziki ba. Ya ci, ya ciyar.

Bayan kamar wata biyu, Hashimu ya zo a ƙafa, riƙe da galan ƙarami na zuma. Ya ce, "Iya ce ta aiko ni, Alhaji bai sani ba. Ta ce in gaya maka ta sami ƙanwarta da rai. Sun gane juna, sun yafi juna, ta riƙe hannunta har washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ta ce ba ta san sunanka ba, amma kullum in ta idar da salla tana cewa, Allah ka tsare mai tayar nan kamar yadda ya tsare mu."

Ɗayyabu ya karɓi galan ɗin da hannu biyu. Ya juya fuskarsa wajen bishiya, ya daɗe bai juyo ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba ajiyar kuɗi kaɗai ba ce. Duk wanda ya miƙa maka abin da shi bai sani ba, kai ka sani, ya ba ka amana. Mai mota bai san cikin taya ba. Mai ciwo bai san ko maganin da ka miƙo masa ya lalace ba. Wanda kake yi wa gini ba ya nan lokacin da kake kwaɓa siminti, kuma 'ya'yansa ne za su kwana a ƙarƙashin rufin. Ba wanda zai kama ka. Nan ne ake gane mai tsoron Allah, ba a sahun gaba kaɗai ba.

Kuma kada ka ce ni dai ban yi da hannuna ba, alhali kana kallo za a cuci mutum, kana da ikon faɗa. Fara a ɓoye, ka rufa wa ɗan'uwanka asiri iyakar iyawarka. In ya ƙi, kuma rai na cikin haɗari, to ka faɗa, ko da rumfarka ce za ta tafi.

Ku kuma masu motoci, na ga an jera su a ƙofar masallaci. Idan mai aiki ya ce muku wannan ba ta yi ba, kada ku hau shi da faɗa don kuna sauri. Yau kafin ka kunna mota, durƙusa ka dubi abin da ke ɗauke da iyalinka.

Kada kuma ka jira a gode maka. Sau da yawa sakamakon gaskiya a duniya shi ne ba abin da ya faru: mutane sun isa gida, sun ci tuwo, sun kwanta, ba su ma san an tsare su ba. Su ba su sani ba, amma wanda za ka tsaya a gabansa ya sani.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana a inda ba mai ganinmu sai shi. Allah ya tsare matafiyanmu, ya sa abin da muke kai wa iyalanmu ya zama halal. Ku ce amin. Mu tashi, lokacin salla ya yi.